A Takarda Ba Ni da Mahaifa

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe 6:20 na safe

Layi biyu.

Talata, ƙarfe 7:05 na safe

Na sake gwadawa da ɗayan tsinken gwajin fitsarin da na sayo a kemis. Layi biyu dai. Na zauna a bakin bahon wanka ina kallonsu kamar za su canja shawara. Maigidana Injiniya yana ta buga ƙofa, wai motar kamfani za ta bar shi, ko suma na yi. Na ce masa saura kaɗan. Na naɗe su a takarda na cusa cikin takalmin da ba na sawa.

Shekara tara da aure. Sau biyu abin yana zuwa yana zubewa a wata na biyar, tun muna gida. Na riga na fid da rai, 'yan kayan da na tara ma na rabar. Wata biyu ban ga al'ada ba, na ɗauka zafin ɗakin guga ne ya birkita ni.

Ba zan rubuta sunan abin ba. Sau biyu ina faɗa da bakina, sau biyu ana ɗaukewa. Baƙo zan riƙa cewa.

Na yi murna, wallahi na yi, wajen minti biyar. Sai na tuna da katin.

Laraba, 5 ga Maris, ƙarfe 1:30, hutun rana

Ina zaune a kan kwandon tawul a ɗakin gugar otal, can ƙasa inda babu taga. Tururi ya hana ni cin abinci. Bari in rubuta maganar katin sau ɗaya, ko kaina zai huta.

Kamfanin da Injiniya yake wa gyaran injinan sanyi ya yi mana inshorar lafiya, shi da ni. Kati ne shuɗi, da ɗan hoto kamar ƙwayar wake a gefe. A garin nan in ba ka da shi, ciwonka naka ne. Yaya, babbar 'yar'uwata, ba ta da shi. Takardar zama ma ba ta da ita. Bizar ziyara ta shigo da ita shekara uku da suka wuce, ta ƙare, ita kuma ta tsaya tana jinyar wata tsohuwa a gidanta.

Shekara biyu ke nan, wata Lahadi ta zo mana, ta shiga bayi ta daɗe. Na tura ƙofa na same ta a ƙasa, jini har ƙarƙashin injin wanki. Ashe wata shida tana fama tana ɓoyewa. Injiniya yana wurin aiki. A cikin tasi na ciro katina na damƙa mata a hannu. Ban yi tunani ba, kuma ko yau aka sake haka zan yi. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ga kallabi, ga hoton da ba ya nuna komai. Mai karɓar kati ko kai ba ta ɗaga ba.

Ƙari ne a mahaifa. Suka ce in ba a cire ta gaba ɗaya ba, ba za ta kai gobe ba. Aka cire. Ina zaune a baranda ana kiran sunana, ana tura wata a kan gado.

To ga shi. A kwamfutarsu, ni ce aka cire wa mahaifa.

Tun ranar ban sake taka asibiti ba. Na ce me zan je yi, ni da na fid da rai? Sai dai ban manta da abin da likitan gida ya gaya mini bayan na biyun ya zube ba. Ya ce bakin mahaifata ne ke buɗewa da wuri. In Allah ya sake kawowa, in je kafin wata uku ya wuce a yi mini ɗan ɗinki, in ba haka ba labarin ba zai canja ba.

Wata biyu sun riga sun tafi.

Alhamis, 6 ga Maris, bayan magariba

Na gaya masa. Na jira ya gama cin abinci, na ɗauko takalmin na zazzage a gabansa. Ya ce, "Wannan kuma mene ne, fis ɗin wuta?" Mutumin da ake kira Injiniya ke nan fa.

Da ya gane, sai ya faɗi ya yi sujada a kan tabarmar cin abinci, goshinsa har da shinkafa. Ya tashi yana dariya yana kuka. Ya ce gobe zai ɗauki hutu mu je asibiti tun da sassafe. Ya ɗauki kofin shayi, ya kai rabin hanya, ya tsaya. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa.

Ya ce, "Innalillahi."

Na ce, "Wa'inna ilaihi raji'un."

Shayin ya huce a hannunsa. Bai ce "ai ga irinta" ba. Da ya faɗa da na ji daɗi, da na sami wanda zan yi wa masifa.

Juma'a, 7 ga Maris, ƙarfe 6 na safe

Amai. Guga. Amai.

Asabar, 8 ga Maris, ƙarfe 4:15 na yamma

Dabarar Injiniya ce: mu je ƙaramin asibitin kuɗi a wata unguwa mai nisa, mu bar katin a gida. Bas biyu muka hau. Wuri mai tsabta, da tukunyar fure ta roba a kan tebur. Mai karɓar baƙi ta ce ko babu inshora sai ta ga katin zama, doka ce. Na miƙa. Ta buga lamba. Shi ke nan, ashe duk kwamfutocin garin nan bakinsu ɗaya.

Likitan dattijo ne mai kirki, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya karanta allo, ya juyo ya dube ni da tausayi. Ya ce da yarensu, a hankali don in gane, "Yaya jiki tun bayan aikin? Kina da ƙuruciya, na san ba abu ne mai sauƙi ba." Sannan ya ce me ke tafe da ni.

Na ce ciwon kai.

Ya rubuta mini maganin ciwon kai. Har ƙofa ya raka ni, yana cewa in riƙa fita ina shan iska.

A bas Injiniya ya riƙe ledar maganin da hannu biyu kamar wani abin arziki. Ya ce to in tafi gida a yi ɗinkin a can. Na ce da wane fasfo? Fasfona yana ofishin sabunta takardar zama tun watan jiya, sun ce sati takwas in an yi sa'a. Ya manta. Ni ban manta ba, abu na farko da na fara tunani ke nan.

Lahadi, 9 ga Maris, ƙarfe 6 na yamma

Ranar hutun Yaya. Ta zo kamar kullum da jakarta baƙa, ta cire takalmi ta fara faɗa: labule ya yi datti, na rame, Injiniya ya yi tumbi. Ta ba mu labarin tsohuwarta, wai yanzu ba ta yarda kowa ya taje mata kai sai Yaya, 'ya'yanta in sun zo ba ta gane su.

Ta ce, "Auta, lafiyarki kuwa?"

Na ce mura ce.

Ina da shekara huɗu Inna ta rasu, Yaya tana da sha shida. A bayanta na yi wayo. Aurenta ya mutu saboda rashin haihuwa, ta dawo ta ci gaba da riƙona kamar ba abin da ya faru. Ban taɓa yi mata ƙarya ta kwana ba. Yau na yi, ga shi rana ta faɗi.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe 1:40, hutun rana

Na kira lambar da ke bayan katin, da wayar otal. Na ce wata ƙawata ce take tambaya, wai in mutum ya ara wa wani katinsa, me zai faru. Matar ta yi shiru, irin shirun wanda ya sha jin labarin ƙawaye.

Ta ce za a soke inshorar gidan gaba ɗaya. Za a sanar da kamfanin da ya yi ta. Wanda ya yi amfani da katin kuma, in ba shi da takarda, dole su kai sunansa ofishin shige da fice. Ta ce ko ina so in ba da sunan ƙawar tawa.

Na ce ta fasa. Na ajiye.

Aikin Injiniya ne ke riƙe da takardar zamanmu. In aikin ya tafi, mun tafi. Gaba kura, baya sayaki.

Na ƙone hannun rigar wani baƙon otal. Shekara huɗu ban taɓa ƙone ko hankici ba.

Alhamis, 13 ga Maris, ƙarfe 6 na safe

Sati goma, in lissafina daidai ne.

Asabar, 15 ga Maris, bayan la'asar

Mun yi faɗa. Ba zan rubuta duka ba.

Ya ce ya yi tunani, mu je mu faɗi gaskiya. In kamfani ya kore shi, Allah ne mai bayarwa, hannunsa sana'a ne, ko'ina akwai firjin da ya lalace. Na ce to Yaya fa? Ya kau da kai. Na ce ina tambayarka, Yaya fa? A kama ta kamar akuya a saka a jirgi?

Ya ce, "Yaya ta riga ta warke. Wannan ko numfashi bai fara ba."

Ni kuma na faɗi abin da na faɗa. Akwai maganar wanda ya goya ni da wanda ya same ni da haƙorana talatin da biyu. Akwai wata ma da ta fi wannan muni. Bakina ba shi da linzami, tun ina yarinya Yaya take faɗa.

Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya kwance firjinmu, wanda lafiyarsa ƙalau. Har yanzu yana can a ƙasa da sukurori a baki. Gaskiyarsa ce, shi ya sa na kasa yafe masa.

Lahadi, 16 ga Maris, ƙarfe 9 na safe

Na kira Yaya na ce kada ta zo, an sa ni aiki. Ƙarya ta biyu.

Talata, 18 ga Maris, ƙarfe 11:10 na safe

Ɗigo biyu na jini. Ba ja sosai ba.

Talata, ƙarfe 3 na yamma

Na ce wa shugabarmu jiri nake ji, ta sallame ni. Na kwanta na ɗora ƙafafu a kan filo uku, kamar yadda na yi wancan karon, da wancan. Bai hana komai ba a lokacin, amma me zan yi? Ina kallon silin ina magana da baƙo. Na ce masa ka yi haƙuri, ka zauna, uwarka ce ba ta da wayo.

Na rubuta "uwarka". Na so in goge, na bari.

Jinin ya tsaya. Alhamdulillahi.

Laraba, 19 ga Maris, ƙarfe 7 na safe

Injiniya ya soya mini ƙwai kafin ya fita, don mu shirya. Warin ya kai ni bayi da gudu. Ya riƙe mini kai yana cewa sannu, sannu. Mun shirya ke nan.

Juma'a, 21 ga Maris, ƙarfe 5:30 na yamma

Na je har ƙofar babban asibitin. Na tsaya a tashar bas ina kallon mata suna shiga da katinsu a hannu, wasu har suna hamma, ba su san abin da suke riƙe da shi ba. Na ga bencin barandar ta gilashi, wanda na zauna a kai ranar. Bas uku suka wuce. Na hau na huɗu na dawo gida.

Lahadi, 23 ga Maris, bayan magariba

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ban hana Yaya zuwa ba, don na san ko na hana sai ta zo. Ta shigo ta cire takalmi, ba ta yi faɗan labule ba. Ta tsaya tana kallona. Ta ce in miƙe. Ta ce in juya. Ta kama haɓata ta duba wuyana, ta ja fatar idona ƙasa.

Ta ce, "Wata nawa?"

Na ce, "Wata nawa me?"

Ta ce, "Ni za ki yi wa? Ni na wanke miki kashi."

Sai na fashe da kuka. Ta rungume ni tana rawa da ni a tsakar ɗaki, mace mai shekara arba'in da shida, tana cewa Allah na gode, Allah na gode, Inna kin gani? Ta kira Injiniya daga ɗaki ta ce, "Malam, ashe ba firji kaɗai ka iya gyarawa ba!" Kunya ta sa ya koma ya rufe ƙofa.

Ta zaunar da ni. Ta ce, "An yi ɗinkin? Likitan nan ya ce kafin wata uku." Tana wurin ranar da ya faɗa, ita ta riƙe mini jaka.

Na ce tukuna.

Ta ce, "Me kike jira? Ga kati, ga asibiti a bakin..."

Ba ta ƙarasa ba. Hannunta ya tafi kan mararta, daidai inda tabon yake. Ta daɗe a haka.

Ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce sati uku.

Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci irin na yau ba, kuma ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Sati uku kina wasa da ran ɗana saboda ni." Ɗana ta ce. Na ce Yaya ki bari, muna neman hanya. Ta ce to. Ta tashi ta wanke kwanukan da na tara, ta share kicin, ta cire labulen ta jiƙa. Da za ta tafi ta ce in kwanta, kada in ɗaga ko bokiti.

Wannan "to" ɗin bai kwanta mini ba.

Litinin, 24 ga Maris, ƙarfe 2 na rana

Na kira ta sau bakwai. Ba ta ɗauka.

Talata, 25 ga Maris, ƙarfe 4:50 na yamma

Daga babban asibiti aka kira ni. Suka ce in zo gobe ƙarfe tara, ofishin inshora, hawa na biyu, in zo da mijina. Suka ce wata mata ta zo jiya ta ba da bayani a kan fayil ɗina.

Yaya. Yaya. Yaya.

Laraba, 26 ga Maris, ƙarfe 3 na yamma

Ofis ne ƙarami, tebur ɗaya, kujera uku. Matar tana da furfura da tabarau a rataye a wuya. Ta ce 'yar'uwata ta zo da ƙafarta, ta nemi likita mace, ta ɗaga riga ta nuna tabo. Ta ba da rana da wata. Sannan ta faɗi yadda ta sami katin.

Ta ce wai sata ta yi. Wai ta zare shi daga jakata ina wanka, ta je ita kaɗai, ta mayar bayan an sallame ta. Wai ni ban san komai ba, ta ce mini tafiya ta yi da tsohuwarta.

Na ce ƙarya ne. Injiniya ya taka mini ƙafa. Allah ya so da harshenmu na faɗa.

Matar ta cire tabarau. Ta ce ba ta ji abin da na ce ba, kuma ba ta tambaya. Ta tura mini takarda. Ta ce in na sa hannu cewa an ɗauki katina ba da sanina ba, za a raba fayil ɗin, inshorarmu ta tsaya, kamfani ba zai ji komai ba. In kuwa labarin wani ne daban, to ita ma takardar wata ce daban. Ta san. Na san ta sani. Ta ce ina da zuwa Juma'a.

Na ce 'yar'uwar tawa fa? Ta ce wannan ya riga ya fita daga hannunta. An ba ta sati biyu ta bar ƙasar da kanta, kuma ba za ta sake shigowa ba. Akwai maganar kuɗin aikin Yaya da ta biyo baya, Injiniya ya ce in bar masa, na bar masa.

Ban sa hannu ba.

Likita dai ta duba ni, wata doguwa mai sanyin hannu. Ta ce ita ba ruwanta da takarda. Ta shafa mini wani abu mai sanyi a mara, ta ɗora na'ura, ta juya allon wajena. Na rufe ido. Sai ta ƙara sauti.

Kamar doki yana gudu a nesa.

Injiniya ya fita baranda, na ji yana fyace hanci. Likita ta ce lafiya lau, amma bakin mahaifar ya fara gajarcewa, ɗinkin nan ba zai jira fiye da sati ɗaya ba. Ɗakin tiyata kuma ba ya buɗuwa sai inshora ta amince.

Alhamis, 27 ga Maris, ƙarfe 5 na yamma

Yaya ta zo da akwatinta. 'Ya'yan tsohuwar sun sallame ta da suka ji. Ta ce tsohuwar ta riƙe mata gefen zane, sai da aka ɓanɓare hannunta.

Na ce, "Yaya, me ya sa?"

Ta ce, "Kin sa hannu?"

Na ce ba zan sa ba. Na ce ina da shekara shida na ɗebo sukari cokali ɗaya a gidan maƙwabta, kika zane ni, kika tasa ni gaba har ƙofarsu da cokalin a hannu ina kuka. Kika ce gidanmu ba a sata. Yau ni zan rubuta da hannuna cewa ke ɓarauniya ce?

Ta ce, "Ashe kina tunawa. To dukan bai tafi a banza ba."

Na ce ba wasa nake ba.

Ta ce, "Ni ma. Ki saurare ni, Auta. Ko kin sa ko ba ki sa ba, ni tafiya zan yi, wannan ya wuce. Abin da ya rage shi ne ko in tafi ni kaɗai, ko in ja ku duka ku uku. Kin ba ni katin nan na rayu. Shekara biyu ina yawo da sunanki a cikina. Ki bar ni in mayar miki da abinki."

Na ce Allah ya san ba ki yi sata ba.

Ta ce, "To shi ke nan. Shi ya sani, kin sani, Malam ya sani. Kwamfuta ce za ta yi mini hisabi?"

Ta shanya labulen da ta jiƙa ran Lahadi, wanda na bari a baho har ya fara wari. Ta yi mini faɗan wannan ma.

Juma'a, 28 ga Maris, ƙarfe 10:25 na safe

Na sa.

Juma'a, ƙarfe 1 na rana

Biron bai kama ba da farko. Na ce ko ishara ce. Yaya ta ciro nata daga jaka ta miƙo mini.

Da muka gama, ta ce in tambayi matar wani abu, don yaren bai zauna mata sosai ba. Wai tana son kwafin sabon fayil ɗin, wanda aka buɗe da sunanta. Matar ta ce me za ta yi da shi. Yaya ta ce, "Gaya mata, abin da aka cire a jikina aka cire. Shekara biyu babu inda aka rubuta. Ina so in gani da sunana."

Na fassara, ban san yadda na yi ba. Matar ta buga, ta sa hatimi, ta miƙe tsaye ta ba ta da hannu biyu.

A bas Yaya ta buɗe tana bin layin da yatsa, ita da ba ta karanta yarensu. Sunanta kawai take nema. Sai yau na ga Yaya ta yi kukan mahaifarta. Duk tsawon nan na ɗauka ta haƙura ne. Ban taɓa tambayarta ba, ko sau ɗaya.

Laraba, 2 ga Afrilu, ƙarfe 4 na yamma

An yi ɗinkin. Minti ashirin. Minti ashirin kacal, jama'a.

Da suka turo ni waje ana kiran sunana, Yaya tana zaune a kan bencin nan na baranda. Ta ce, "Yau dai mai sunan ce a kan gadon."

Asabar, 5 ga Afrilu, ƙarfe 11 na safe

An hana ni aiki, an hana ni tsayuwa. Yaya ta karɓe gidan. Ta cika firji da abinci a robobi, ta liƙa wa kowace ranar da za a ci. Ta koya wa Injiniya wanke bayi, ta ce ya sake, ya sake. Yana cewa "to, Yaya" kamar ɗan makaranta. Jiya na ji shi a kicin yana neman gafararta a kan wata magana da ba ta ma san ya faɗa ba. Ta ce, "Da ba ka faɗa ba, da na raina ka."

Saura kwana uku. Ba ma maganar.

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe 12:30 na rana

Likita ta hana ni zuwa filin jirgi. A bakin ƙofa muka yi sallama da Yaya, tasi yana ta hon a ƙasa, Injiniya ya sauka da akwati.

Ta sa takalmi, ta gyara mayafi. Ta ce, "Na ji kina ta cewa baƙo, baƙo. Ban zubar da mutuncina a kan baƙo ba. Faɗi sunan abin in ji."

Na ce Yaya ina tsoro.

Ta ce, "Na sani. Faɗi."

Na faɗa. Ta sa hannu a kai, ta yi addu'a a hankali, ta tofa. Ta ce, "In mace ce, kada ki kuskura ki sa mata sunana. A kwamfutarsu sunan ɓarauniya ne." Ta yi dariya, ta sauka, ba ta waiwayo ba. Na san dalili.

Laraba, 9 ga Afrilu, ƙarfe 7:15 na safe

Ta sauka lafiya. Saƙonta na farko: in sha magani, kuma robar Laraba tana can baya, kada Malam ya ɗauko ta Alhamis.

Ina da ciki. Wata uku da sati ɗaya. Ga shi na rubuta.

Na gaya wa Injiniya abin da ta ce a kan sunan. Yana ɗaura igiyar takalmi, ko kai bai ɗaga ba. Ya ce in mace ce an gama magana, sunan Yaya za ta ci. In kuma namiji ne, to sai ya yi haƙuri, mu sake neman mace.